Wutar da Na Tara a Hanyar Baure

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki Alhaji Sule zuwa Baure ba. Shi ne mahaifin Rabi, yarinyar da nake nema, kuma ranar shi ne waliyyin auren 'yar ƙanensa. Sai ya iso za a ɗaura.

Lokacin ban daɗe da sayen keke napep mai caji ba. Wanda ya sayar mini ya ce in na saki totur na rage gudu a hankali, batir na maido da ɗan abin da ya kashe. Sai na yi lissafin masu wayo: ashe birkin da ke ƙarƙashin ƙafata janareta ne! Na fita da rabin caji (an ɗauke wuta tun jiya, amma me zai dame ni?), na hana Alhaji shiga bas, na ce girmansa ya wuce cunkoso.

Muna barin Daura na kama aiki. In murɗa totur har ƙarshe, in danna birki, in sake murɗawa. Hular Alhaji ta faɗo, goron da ya riƙo ya watse.

"Ɗana, lafiya? Awaki kake gani ne?"

"Wuta nake tarawa, Baba," na ce, har da murmushi.

Ashe kowace zabura wuta take sha, birki mai ƙarfi kuwa zafi kawai yake haifarwa a taya. Ƙauri ya tashi, keke ya soma tafiyar hawainiya, daga nan ya yi shiru a tsakiyar gonaki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Amalanken shanu mai ɗauke da karan gero ne ya cece mu. Alhaji ya hau kan kara da shaddarsa, ni ina baya cikin keke, an ɗaure shi da igiya a jikin amalanken. Muka tarar liman da jama'a sun gaji da jira. Alhaji ya sauko, ya karkaɗe riga, ya ce, "A yi mana haƙuri, wuta muka tsaya tarawa."

Ya ba ni Rabi daga baya, amma in zai yi tafiya bas yake shiga. Ni kuma na gane abin da birki ke maidowa ƙanzo ne. A ci a gode, amma ba a gayyatar suruki a kansa.