Bitamin Don Kunnen Kaka

Da na dawo daga yaƙin ƙasar Bama, na kawo wa kakata ƙwayar bitamin irin ta soja, na rantse za ta buɗe mata kunne. Kullum da safe in ba ta, in gaishe ta.

"Kaka, ina kwana?"

"Lafiya lau."

Ai sai na tara maƙwabta su ga aikina. Baba Musa tela ya durƙusa ya ce, "Iya, akuyarki ta shiga masallaci."

Ta yi murmushi. "Lafiya lau."

Ashe amsar gaisuwa kawai take yi. Da aka watse ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ka daina kawowa, maigidana. Zuwanka nake so."

Har yau a unguwarmu ta Nima, ko gobara na sanar, sai a ce, "Lafiya lau, Dokta."