Yadda Ake Burge Suruki Mai Tsohuwar Motar Masara

Kai da kake neman 'yar manomi a jihar Nebraska ta Amurka alhali ko tayar keke ba ka taɓa canzawa ba, matso kusa, kakarka ta yanke saƙa. Shekara talatin ina riƙe da garejin garin nan, kuma hanyata tabbatacciya ce. A kan mutum ɗaya na gwada ta, Lonnie Pruitt mai sayar da tabarau a Omaha, ga shi nan har yau da ransa. Lonnie yana mutuwar son Darla Vacek. Darla ta ce ta yarda, amma ba za a sa rana ba sai gidansu sun yi na'am da shi. Ubanta Delbert kuwa wata takwas bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan mai tabarau". Bi abin da na koya wa Lonnie, aure kamar an ɗaura.

Mataki na ɗaya: San abin da kake kallo

Motar da ke rumfar surukinka ba a-kori-kura ba ce, ba kuma tirela ba ce. Tsaka-tsaki ce, irin mai kai madara da katako da masara. Ranar farko Lonnie ya shafa jan bodinta ya ce, "Baba, a-kori-kurar nan taka ta haɗu." Delbert ya dube shi sama da ƙasa, ya shige gida ya ja ƙofa. Washegari Lonnie ya zo garejina kamar zai yi kuka.

Mataki na biyu: Haddace tarihi, kada ka wahalar da kanka wajen fahimta

Ga shi a dunƙule. Kakannin motocin nan da sarƙa suke tafiya kamar keke, tayarsu roba ce zalla ba iska, ba ƙofa, kuma da hannu ake murza su su tashi, in sun ga dama su karya maka hannun. Daga baya aka sa musu iska a taya, aka rufe wa direba ɗaki. Bayan yaƙin duniya na biyu manoma suka yi ta saye. Sai aka zo da marasa hanci, direba a zaune bisa inji, in za a yi gyara a kifa kan motar gaba ɗaya zuwa gaba. Can dizal ya ture fetur. Shi ke nan, ka zama masani.

Lonnie ya rubuta wannan a bayan katin gwajin ido, ya yi ta bita a mota har ya wuce kwanar gidan sau biyu.

Mataki na uku: Zagi na zamani

Wannan ba ya buƙatar ilimi, ya fi kowane mataki daɗi. Ana cin abinci ka ajiye cokali, ka girgiza kai ka ce, "Motocin yanzu ai kujerun falo ne. Giya ta canza kanta, sanyi na busa ka, ina direban yake?" Da Lonnie ya faɗi haka, Delbert ya ɗago kai ya ce, "Hm." Darla ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur don murna. A gidan Vacek, "hm" ɗaya daidai yake da runguma.

Mataki na huɗu: Kada ka bari mata su katse ka

Masana sun tabbatar, ni ne masanan, cewa uwar yarinya ba ruwanta da ƙarfe. Lonnie na tsakiyar bayanin marasa hanci sai Arlene, matar Delbert, ta ce, "Ɗana, in za ka taɓa tamu, ka fara..."

"Mama, ki bar mu da wannan, maganar inji ce."

Arlene ta yi murmushi ta ƙara masa dankali. Delbert ya sunkuyar da kai cikin faranti, kafaɗunsa na rawa. Lonnie ya ɗauka tari ne.

Mataki na biyar: Taɓa wani abu a gaban jama'a

Safiyar bikin amfanin gona, tsofaffin motoci za su yi jerin gwano zuwa filin gari, maƙwabta sun taru a ƙofar gidan Vacek. Ga damarka! Lonnie ya naɗe hannun riga ya ce bari ya duba mai. Motar mara hanci ce, sai ya saki sakatar da ke bayan kan motar yadda na nuna masa, ya tura, kan motar ya kifa gaba lafiya lau. Daƙiƙa ɗaya ya yi yana gwani.

Abin da na manta ban faɗa masa ba shi ne, kafin a kifa kai sai an kwashe duk abin da ke ciki. A kan kujera akwai tukunyar ƙarfe ta Arlene, cike da wake da nama mai yaji na mutum arba'in. Tukunyar ta taso ta bi ta gilashin gaba, ta sauka a tsakar gida. Wake a sitiyari, wake a rufi, wake a takalmin limamin coci. Karen gidan ne kaɗai ya san abin yi.

Mataki na shida: Idan asiri ya tonu, tsaya cak

Kada ka gudu, gonar masara ba ta da wurin ɓuya bayan girbi. Lonnie ya tsaya, miya na ɗiga daga tabaransa, zuciyarsa ta gama gaya masa Darla ta tafi. Ya juya wajen Delbert ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ban san komai a kan mota ba. Haddacewa na yi."

Delbert ya share hawayen dariya da hularsa. "Ni kake ba haƙuri? Yaro, ai ba motata ba ce. Ni a gona nake kan injin girbi. Girbi talatin da ɗaya Arlene ce ke kai masara rumbun gari da ita. Ko makullin ba ta ba ni."

Arlene ta zagaya ta leƙa inji, ta maida kan motar da hannu ɗaya ya zauna daram. Ta ce, "Abin da na so gaya maka ke nan ranar, ɗana, amma ka ce maganar inji ce. Hau."

"Ina, Mama?"

"Wajen direba. Mil huɗu ne zuwa fili. Ka kai ni, sannan in san abin da zan ce wa Darla."

Mataki na bakwai: Tuƙa

A nan ba ni da shawara, sai addu'a. A jikin sandar giya akwai wani jan maɓalli da ke raba kowace giya gida biyu, in ka ja shi ba a kan lokaci ba, motar ta yi ƙara kamar an zuba cokula a injin niƙa. Lonnie ya zauna cikin wake, iska na dukan fuskarsa ta inda gilashi yake a da, Arlene a gefe tana ba da umarni. "Kuloci! Saki totur! Ba yanzu ba! Yanzu! Wayyo motata." Duk ƙara ɗaya sai ta lanƙwasa yatsa. Motoci goma sha biyu na biye da su suna hon, Darla a ta farko ta rufe ido.

Suka isa fili, ya ja birki. Arlene ta dubi yatsunta ta leƙa ta taga.

"Delbert! Sau tara."

"Tara kacal?"

"Kai sau sha huɗu ka yi, ka kuma ture shingen babana, na aure ka a haka." Ta juyo wajen Lonnie. "A sa rana, watan Yuni ya yi. Amma ranar, ni zan tuƙa ku."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a fashewar gilashi, asarar wake, ko ciwon cikin kare. Wanda ya bi matakan nan ya rasa mata, kada ya zo garejina, ban san shi ba. Wanda kuma ya samu, ya sani ya auri gidan da surukuwa ke jin ƙarar giyarsa tun daga mil biyu, kuma tana ƙirgawa.