Gadon Da Na Ƙera Wa Masu Naƙuda

Shekarar da aka hana mata hawan baburan kabu-kabu a Zamfara, ina koyar da ƙirar kayan asibiti a Ƙaura Namoda. Na ba ɗalibaina aiki: su ƙera gadon da za a riƙa ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Ni na zaɓi gora saboda rashin nauyi, ni na ce a shimfiɗa farin yadi saboda tsabta.

Wani ɗalibi, Bello, ya ce, "Malam, wallahi abin ga ya yi kama da..."

Na katse shi. Na ce injiniya da awo yake aiki, ba da kama ba.

Muka kai gadon wani ƙauye bayan Zurmi, inda aka ce wata mata ta kwana tana naƙuda. Ɗalibai huɗu suka saɓa shi a kafaɗa, ina gaba ina taƙama. Sai na ga maza suna tashi daga gindin bishiya suna bin mu, kowa na salati. Na ɗauka girmamawa ce.

Mijin matar yana hango mu ya zube ƙasa. Uwarta ta tare ƙofa tana kuka: "Ɗiyata ba ta mutu ba! Ku fita da makarar ga!"

A amalanken shanu aka kai ta asibiti, da ƙyar ta sha.

Gadon a masallacinsu muka baro shi. Har yau in Bello ya gan ni sai ya ce, "Malam, liman na gaisuwa. Ya ce ba su taɓa samun makara mai daɗin ɗauka irin taka ba."