Yadda Za Ka Samu 'Yar Tsohon Ma'aikacin Gidan Waya

Da hantsi ne, yayyafi ya ɗauke, na zauna rubuta maka wannan, kai mai son 'yar tsohon ma'aikacin gidan waya. Tsohon ba ya duban aljihu. Abin da ya dame shi kundinsa ne na kan sarki masu hoton duniyoyin sama. Bi matakan nan, ba makawa a ba ka ita. Yayana Dogo mai gyaran keke ya gwada su duka, lokacin da ya nemi babbar 'yar tsohon.

1. Wanke hannu.
Sau uku, da sabulu. Duk da haka ba za a bar ka ka taɓa komai ba. Da hantsaki tsohon ke ɗaga kan sarki, kamar mai cire wa jariri ƙaya.

2. Kada ka yi sharhi.
Dogo ya ga wata duniya da zobe kewaye da ita, ya ce, "Baba, wilin wannan ya karkace, da ka kawo na miƙe maka." Tsohon ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Kai dai ka ce "ikon Allah", ka gyaɗa kai. Ilimin sama duk bai wuce nan ba.

3. Karɓi kyauta da hannu biyu.
A zuwa na bakwai, tsohon ya naɗe mai zoben nan ya miƙa wa Dogo. "Irinsa biyu gare ni kacal. In ga yadda kake riƙon abu, sannan mu yi maganar yarinyar."

4. Kada ka bar kyauta ta yi zaman banza.
Haka Dogo ya hango. Ya rubuta wa tsohon wasiƙar godiya, ya lashi bayan duniyar, ya manna a ambulan, ya daddanna da babban yatsa.

5. Dace da taga.
Matar da ke tagar gidan waya ta ɗaga hatimi za ta buga, sai ta ga adireshin tsohon, wanda shi ne shugabanta a wurin aiki a da.
"Malam, wa ya ba ka wannan?"
"Surukina, in Allah ya yarda."
"Kana dai son 'yar tasa?"
"Sosai, Hajiya."
"Bai nuna ba. Je ka, zan tura."
Da ya fita ta kara ambulan a bakin butar shayi, tururi ya saki kan sarkin da bakin ambulan. Ta naɗe shi ta sa a ciki, ta manna wani mai hoton kaza a waje.

Tsohon ya buɗe, ya ga duniyarsa ta dawo ba tabon hatimi, ya ce yaron mai amana ne. Aka sa rana.

A kula: in ka je ka tarar matar tagar tana hutu, babu ruwana, kada a neme ni. Dogo dai har yau cewa yake kyan rubutunsa ne ya yi aiki, kuma matar nan ba ta iya magana da mutane ba.