Wandon Ulu da Tutar 'Yanci

Ba zan taɓa mantawa da wandon da na ɗinka a shekarar da aka ba mu mulkin kai ba, kuma da ana warware abin da ya wuce kamar yadda ake warware ɗinki, da shi zan fara. Lokacin ina saurayi a Sharabi, na yi aji huɗu a elementare, ina jin duk ƙasar Bagudo babu mai ilimina. Hakimi yana neman magatakarda, mu biyu muke so, ni da wani Umaru mutumin Kurgu. Aka ce ni zan ja tuta ranar biki, a ga natsuwata, da yamma kuma a yi liyafa a faɗi wanda aka ɗauka.

Maimakon in gyara rubutuna, sai na tafi neman yadi. Na tsallaka iyaka zuwa wata kasuwa a Dahome, na sami wani Bazabarme mai kanti na ce ina son abin da manyan Turawa suke sawa in za su liyafa. Ya jawo wani baƙin ulu mai kaurin bargo, ya ce da shi suke maganin ƙanƙara a ƙasarsu. Ya nuna mini mai sauƙi, na ture. A lissafina, nauyin yadi shi ne nauyin mutum. (Ban tambayi kaina yaushe aka taɓa yin ƙanƙara a Sharabi ba. Masu ilimi ba sa irin wannan tambayar.)

Na kai wa Kawu Nomau, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ne telan garinmu. Ya murza yadin, ya sunsuna.

"Ɗan nan, shimfiɗar jaki kaka so ko wando?"

"Wandon Turawa, Kawu. Maɓalli ɗaya a gaba, ban da zariya."

"Yadin ga ya fi ka nauyi. Bari in sa maka zariya daga ciki, babu mai gani."

Na ce masa zariya ta mutanen ƙauye ce. Na faɗa wa mutumin da ya goya ni haka, a gaban abokan hirarsa. Na kuma ce ya ƙara faɗin ƙugu, domin magatakarda ba ya daɗewa bai yi tumbi ba. Allura uku wandon ya karya masa, ya ɗinka shi daidai yadda na ce.

Don liyafar yamma aka yi shi, amma haƙuri ya gagare ni, ranar biki na saka tun da hantsi, na cusa 'yar taguwa a ciki. Ƙarshen damina ne, ranar nan mai dafa mutum a tsaye. Kafin in isa fili gumi ya jiƙa ulun sharkaf, ya ninka nauyi, yana wari. Wani dattijon Bafulatani da na gifta ya waiwaya yana neman tunkiyar da ruwa ya daka. Tun daga nan hannuna ɗaya yana riƙe da ƙugu, ina yi kamar yanga ce.

Aka kira ni. Hakimi yana zaune, dagatai daga Kende da sauran garuruwa suna gefensa, mata suna guɗa. Jan tuta kuwa hannu biyu yake so, abin da ban tuna ba sai da igiya ta shiga hannuna. Na ja sau ɗaya, na ja sau biyu. Ina miƙewa cikina ya shafe, tumbin da na yi wa tanadi bai iso ba tukuna. Tuta tana hawa, wando yana sauka. Da ya kai gwiwa na saki igiya na cafke shi, tuta ta sulalo ta rufe mini kai. Guɗa ta tsaya. A cikin shirun na ji muryar Kawu, ba da ƙarfi ba: "To, Bature ya sauka."

Umaru ya tako cikin rigarsa ta saƙi da wandonsa mai zariya, ya ɗauke tutar daga kaina, ya ce, "Sannu, malam, riƙe naka in riƙe wannan." Ya ja ta har sama. Ban je liyafa ba, labari ya same ni a gida cewa shi aka ɗauka. Ya yi aikin shekara da shekaru, ya yi tumbin kuma.

Rasa aikin bai dame ni ba kamar maganar da na yaɓa wa Kawu. Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa na durƙusa, ya ce ya yafe, amma in biya shi allurarsa da yi masa noma kwana uku in damina ta dawo. Na yi.

Don haka ina roƙonku, 'ya'yana da jikokina masu son gayu, in za ku zaɓi yadi ku zaɓa don zafin garinku, a auna ku da cikin da kuke da shi yau. In tela ya ce a sa zariya, ku bar shi ya sa.