Tarewar Iya Tambaya

"Lafiya ƙalau. Ya kuma ruwan jiya, amarya?" in ji Maharazu daga bakin ƙofa.

"Ruwa ya yi gyara. Shigo a hankali, sarkin gaggawa, kada ka shure min fanteka."

Maharazu ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa, Iya Tambaya, yana neman inda zai sa ƙafa. Fanteka a nan, kwalla a can, langar miya a gindin gado, har kwanon shan marigayi mijinta, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa, yau an fito da shi aiki. Kowanne yana tarar nasa ɗigon. Ita kuwa tana tsakiyar gadonta mai rumfa, ta lulluɓe rumfar da buhun taki, ta miƙe ƙafa tana jan carbi kamar ba a ɗakinta ake abin ba.

Tsohon soro ne, mijin nata Malam Isiyaku ya gina mata shi da hannunsa tun kafin ruwan kanal na noman rani ya iso ƙauyukan Kura. Daminar bana ta matsa masa lamba. Bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, azara ɗaya ta yi ciki. Tun bazara ɗanta Iliyasu, baban Maharazu, ya gina mata ɗakin bulo mai rufin kwano a cikin gidan, ta ce a zuba buhunan shinkafa a ciki, ita ba ta gama da nata ba. 'Ya'ya sun roƙa, liman ya yi nasiha, ta ba kowa goro ta sallame shi. Jiya kuma katangar maƙwabta ta kwanta a kan akuyarsu. Shi ya sa da sassafe Iliyasu ya tare ɗansa a zaure ya ce, "Yau ka bar dashen shinkafar nan. Kai kaɗai take saurara. Ka fitar min da Iya daga ɗakin nan kafin ruwan yamma."

Da Maharazu ya dubi tsagar bangon, sai ya ga abin ya wuce wasa. Amma ya san kakarsa sarai, in ta hango tsoro a fuskar mutum to ya faɗi tun bai fara ba. Sai ya jawo 'yar kujera ya zauna yana murmushi.

"Iya, ashe kanal ta ɗakinki ya biyo ba ki gaya min ba. Da na sani da nan na kawo irina na dasa."

"Kawo mana. Ko shinkafarka ta ga abin da ba ta taɓa gani a hannunka ba, ruwa a kan lokaci."

"Shinkafata? Bara daga Bunkure aka riƙa zuwa kallon gonata."

"An zo kam. An ce ga inda ciyawa ta yi kyau, kowa ya taho da shanunsa."

"Kin ga, ni ba wannan ya kawo ni ba. Duba iyalina na zo yi. Mace tana kwana cikin ruwa kamar kwaɗo, sai gari ya ɗauka mijinta ne ba ya kula."

"Yo ƙarya suka yi? Wane irin miji ne kai? Ashanata ta jiƙe, itacena ya jiƙe, hayaƙi ya cinye min ido, sauro ya mai da ni tuwon darensa. Rediyona ba batir, ban san ko duniyar tana nan ko ta tashi ba. Kai kana can kana tura mashin a taɓo."

"Ba turawa nake ba, motsa jiki nake."

"Mashin ɗin da in ya hango kududdufi daga nesa sai ya mutu don tsoro. Yara sun ce sun gan ka a gadar kanal, kai a ƙasa, shi a sama."

"Sharrin yara ne. Fulogi nake dubawa."

"A kwance, cikin laka?"

"Haka kanikawan zamani suke yi."

Iya ta yi dariya har carbin ya suɓuce mata. Daidai nan wani ɗigo mai sanyi ya sauka a tsakiyar kan Maharazu, ya gangaro masa ta ƙeya.

"Matsa gefe," in ji ta. "Nan wurin langa ne, ka tare mata abinci."

"To tashi mu koma wancan ɗakin, Iya. Ko ɗigo ɗaya babu."

"Wancan gwangwanin? In rana ta fito mutum ya dahu, in ruwa ya sauko ya kurmance. Ran nan na shiga fakewa, yayyafi kawai ake, na ɗauka makaɗan Kura ne kaf suka hau rufin."

"An sa silin."

"A sa maka shi a ka."

"Akwai sola, ga fitila, ga wurin caji."

"Me zan caja? Haƙorana?"

"Wanne daga ciki, na sama ko na ƙasa?"

"Ja'iri. Su ɗin nan da kake gani sun fi ka aiki. Da su na tauna maka rogo kana yawo a gidan nan ba wando."

Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya fara dusashewa. Maharazu ya leƙa waje, gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska mai ƙanshin ƙasa tana kaɗa zannuwan da ke kan igiya. Kafin ya juyo, wani gutsuren ƙasa ya ɓanɓaro daga jikin azara ya faɗa cikin fanteka, ruwan ya fantsama har kan gado. Iya ta share fuska da bakin mayafi, ba ta ko ɗaga kai ba. Maharazu ya ɗaga kai ya dubi azarar. Yana son tsohuwar nan so mai tsanani, kuma ya tabbata in ya ɗauke ta da ƙarfi, gobe da safe zai tarar ta rarrafo ta dawo.

Sai ya dafe kai kamar wanda ya tuna wani babban abu.

"Kash, laifina ne. Ashe ni ne ban bi hanya ba. Ina aka taɓa cewa amarya ta tashi ta tare haka kawai, ba lefe ba komai?"

"Sai yau ka san haka?"

"A yi haƙuri. Yau tarewa. Ɗaki an share, mota tana ƙofa."

"Wace motar?"

"Baro. Taya ɗaya ce, amma ba ya mutuwa a ruwa."

"A baro za ka ɗauki 'yar mutunci? Ni da aka kai wa kakanka a kan goɗiya, ana guɗa tun daga bakin gari?"

"Ni an ce min jaki ne, kuma sai da ya kayar da ke a rafi."

"Wanda ya gaya maka, ko uwarsa ba a haifa ba lokacin. Ina lefen?"

Maharazu ya zaro ƙullin leda daga aljihu, wanda da ma ya saya mata a hanya, ya warware a gabanta. Ashana ce, da batir, da maganin sauro. Iya ta zaro tsinke ɗaya ta ƙyasta, wuta ta kama nan take. Ta bi ta da kallo har ta kusa cin yatsanta, sannan ta hure.

"Lefen matsiyata, amma ya karɓu. Saura sayen baki."

Ta ja mayafi ta rufe kanta ruf, ta juya baya, kamar yadda amare suke yi.

"Na saya da goro fari."

Mayafi ya girgiza, alamar a'a.

"Na ƙara da kifin Tiga, soyayye, in cire miki ƙaya da hannuna."

Mayafi ya sake girgiza.

"Na ƙara da atamfa. Na ƙara da kujerar Makka, ni zan tura ki a baron har can."

Ya jira dariya, bai ji ba. Tsawa ta yi gurnani can wajen Bunkure. Ya matsa ya ɗaga gefen mayafin a hankali yana shirin wata tsokanar, sai ya fasa. Kukan amarya ake yi, amma na gaske ne. Hawaye yana bin tamojin fuskarta, idonta yana kan bakin ƙofa.

Ya bi inda take kallo. Dokin ƙofar ɗakin yana da ɗan shafen siminti, kuma a gefe ɗaya akwai shatin hannu, yatsu biyar a baje, ya lotsa ciki. Tun yana rarrafe yake tsallake wurin, bai taɓa tambayar na wane ne ba.

"Shekarar da ya fara girbin shinkafar kanal ya sayo ɗan simintin nan," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa. "Wai kada taɓo ya riƙa shigo min ɗaki. Yana cikin shafawa ruwa ya sauko, santsi ya kwashe shi, ya dafa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ya ɗauko cokalin gini zai goge, na ce wallahi bai isa ba, a bar min shaida." Ta ja hanci. "Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, Maharazu. Wannan kaɗai ya rage min. In na zauna shan iska a bakin ƙofa, nan nake dafawa in tashi. Ran da na fita, ɗakin nan zai kwanta a kansa, shi ke nan."

Tausayi ya cika Maharazu, da kunyar duk surutun silin da solar da suka yi ta yi mata. Sai ya miƙe ya fita. Can sai ga shi ya dawo da dagi a kafaɗa, yana turo baro.

"Me za ka yi da wannan ƙarfen?"

"Sayen baki. Ai amarya ta faɗi abin da take so."

Ya durƙusa ya fara saran ƙasar da ke kewaye da simintin. Iya ta yaye mayafi ta sauko daga gado da saurin da bai san tana da shi ba, ta tsaya a kansa.

"A hankali. Ba rogo kake tona ba."

"Ki bar gwani ya yi aikinsa."

"Gwanin da ya kasa tayar da mashin? Ka fasa min miji in fasa maka kai."

"To ni kuma mene ne?"

"Kai na wucin gadi ne. Shiga ta ƙasa, ta ƙasa na ce. Wayyo, wannan yaro hannunsa kamar na aro."

Ƙasar ta sha ruwa, ta yi laushi. Ya zura dagin ta ƙarƙashi, ya danna a hankali, yana riƙe da numfashi. Simintin ya motsa, ya ɗago gaba ɗaya da ƙasarsa, ko tsaga bai yi ba. Maharazu ya share shi da hannun riga, ya ɗora tafinsa a cikin shatin. Yatsunsa ba su kai ƙarshe ba.

"Ka gani?" in ji Iya. "Hannun maza ke nan. Naka na latsa waya ne."

"Kumburi ya yi don faɗuwar da ya sha."

"Ka ci gidanku."

Ya shimfiɗa bargonta a cikin baro, ya ciccibi simintin ya kwantar a kai. Matan gidan, waɗanda da ma suna laɓe a bayan rumbu suna saurare, suka fito da gudu, wannan ta ɗauki adudu, wannan katifa, wasu suka kama kwance gado. Wata ta rangaɗa guɗa.

"To amarya, babban ango ya riga ki shiga mota. Za ki bar shi ya tare shi kaɗai?"

Iya ta tsaya ta dubi ɗakin, ta dubi azara, ta dubi ramin da ya rage a bakin ƙofa. Sannan ta sunkuya ta zubar da ruwan kwanon sha, ta soke shi a hammata, ta ɗauki butarta da rediyonta.

"Tura a hankali. Ba ya son gargada."

Ɗigon farko ya same su a tsakar gida. Maharazu ya sauke simintin a bakin sabon ɗakin, ya tokare shi da bulo, ya ce gobe zai kwaɓa siminti ya kafa shi sosai. Yana rufe baki ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano ya ɗauki kiɗa. Iya ta zauna a dokin ƙofa daga ciki, tana kallon tsohon ɗakinta ta cikin ruwan.

"Na gaya maka gwangwani ne," ta faɗa da ƙarfi.

"Me kika ce? Kin gode?"

"Na ce Allah ya shirye ka."

"Amin, ni ma ina son ki."

Dariya ta ƙwace mata, ta kai masa duka da carbi. Sai ta zaro kwanon shan daga hammata, ta goge shi da bakin zani, ta miƙa masa.

"Ungo. Na kakanka ne. Ba don ka iya komai ba."

Maharazu ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya yana kallon kwanon.

"Kada ka tsaya kana min ƙifta ido. Ruga ka tara a ɗakinka, an ce min naka ma zuba yake."

Ta sa tafinta a cikin shatin hannun Malam, ta dafa, ta miƙe, ta shige ciki tana tambayar inda aka ajiye mata batir.