Ranar da Na Wanke Abin Wuyan Inna

Shekarar samun 'yancin kai aka kawo ni Makarfi daga Kudan, amarya mai ji da kanta wajen wanke-wanke.

Surukata, Inna Hajiya, tana da abin wuya na azurfa da mahaifiyarta ta zo da shi daga Makka tun ana zuwa a ƙafa. Jan dutse ne a tsakiya, wani kore mai santsi ya kewaye shi. Ana gobe bikin autarta ta miƙo mini, ta ce, "Ɗan share mini ƙurar."

Na dube shi na girgiza kai. Kore a jikin ƙarfe ai dauɗa ce! Har tausayin mutanen gidan na ji. Na jiƙa tsamiya, na haɗa toka da yashi, inda ya ƙi fita na sa bakin wuƙa. Na kai mata fari tas, ina jiran yabo.

Ta daɗe tana juya shi. "'Yar nan, ina koren?"

"Na fitar, Inna. Da ƙyar."

"Gilashi ne aka narka aka zuba. Shi ne adon." Ta sa yatsa ta shafa ramukan da koren ya bari. "Nan uwata take shafawa in tana tunani."

Haka ta sa shi ranar bikin, ba ta faɗa wa kowa ba. Kukana ne ya tona ni.

Yau jikoki gare ni, amma ina shiga gidan biki wata za ta ɗaga murya: "A ɓoye kwanuka masu fure, ga Mai Yashi nan!"